Yadda Ake Zuba Gilashi Mai Ratsa Haske a Tagogin Azurfa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar langa ko kwanon jere ya san inamel ko da bai san sunansa ba. Shi ne sheƙin nan mai santsi da ke lulluɓe da kwanon, wanda ke ɓantarewa ya bar baƙin tabo idan kwanon ya faɗi. Garin gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe har ya kama shi. A kwano, ƙarfen ne ke bayan gilashin yana tallafe da shi. A aikin da za a bayyana nan kuwa, ana huda farantin azurfa a fitar da ƙananan tagogi, a cika kowace taga da gilashi, babu komai a gabansa, babu komai a bayansa. Idan aka ɗaga shi sama, haske ya ratsa launin kamar fiffiken mazari.

Faransawa ke kiran aikin plique-à-jour, kuma da wannan suna aka san shi a duniya. Akwai wani kofin azurfa na wajen shekarar 1400, kofin Merode, a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, mai irin waɗannan tagogi. Maƙerin zinariya na Italiya, Benvenuto Cellini, ya bayyana yadda ake yin aikin a 1568. Ya sake tashe a ƙarshen ƙarni na 19 a hannun René Lalique a Faransa, da gidan Ovchinnikov a Mosko, da maƙeran Bergen a Norway. Rashawa sun fi yin firam ɗinsu da lanƙwasasshiyar waya. Hanyar huda faranti da zarto ita ta fi dacewa da mai koyo, domin firam ɗin guntu ɗaya ne, babu mahaɗar da za ta buɗe a wuta.

Abu ɗaya za a riƙe tun daga farko: gilashin ba shi da madogara sai bangon tagar da ke kewaye da shi. Girman taga, tsabtar bango, da yawan zafin da aka ba shi, duk daga wannan suke samun hukuncinsu.

Azurfar da za a saya

A nemi tsantsar azurfa mai lamba 999. Tana narkewa a digiri 961 na ma'aunin Salshiyas, inamel kuma yana narkewa tsakanin 760 da 820, saboda haka akwai tazara mai kyau. Ba ta yin baƙi a wuta, don haka ba a buƙatar tsoma ta a ruwan tsami, wato ruwa irin na alif da ke cinye baƙin da wuta ta bari a jikin ƙarfe, bayan kowane gashi. Aibinta laushi, shi ya sa ba a rage kaurinta.

Azurfa mai lamba 925 ta fi ƙarfi, amma kashi 7.5 cikin 100 nata jan ƙarfe ne. Jan ƙarfen nan yana ƙonewa ya yi baƙin ɓawo, ɓawon ya shiga gilashi ya ɓata launi. Idan ita kaɗai ke hannu, sai a zafafa ta har ta yi duhu, a tsoma a ruwan tsami, a goge da buroshin tagulla da sabulu, a maimaita sau 6 zuwa 8, har sai ta daina yin baƙi idan ta ga wuta. Abin da aka yi shi ne cinye jan ƙarfen da ke fuska, aka bar siririyar fatar tsantsar azurfa. Wannan ana yin sa ne bayan an gama yanka da goge, domin magagari yana kankare fatar. Kuma kada a haura digiri 780 da ita. Tsohuwar sulallar Mariya Tereza da maƙeran farfaru suka daɗe suna narkarwa lambarta 833 ce, jan ƙarfenta ya yi wa wannan aiki yawa. Farin ƙarfen nan da ake sayarwa da sunan azurfa, wanda haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya ne, ko kusa kada a kawo shi.

Kauri milimita 1 shi ne madaidaici. Ƙasa da 0.8, bangon ba ya da faɗin da gilashi zai kama, kuma farantin yana lanƙwashewa a wuta. Sama da 1.3, launi yana yin duhu, yanka yana wahala. Guntu mai tsawon milimita 40 da faɗin 30 nauyinsa kimanin giram 12.6 ne, kuma zai fitar da 'yan kunne biyu masu siffar ganye, kowanne milimita 30 da 18. Da 'yan kunne ya kamata a fara, domin suna lilo a sarari haske na ratsa su. Abin wuya yana kwanciya a kan riga, rabin kyansa ya ɓata.

Zane da yanka

A zana siffar a takarda da ainihin girmanta. Faɗin kowace taga ya tsaya tsakanin milimita 2 da 4. Tsawo ba shi ne matsala ba: taga mai faɗin 3 da tsawon 12 tana riƙe gilashi lafiya, amma mai 7 da 7 za ta yi ta zubar da shi. Bangon da ke tsakanin tagogi ya zama milimita 1, firam na waje 1.5. A guji kusurwa mai tsini. Gilashi ba ya son shiga lungu, kuma daga irin wannan kusurwa tsagewa ke farawa, don haka kowace kusurwa a ɗan zagaye ta. A saman ganyen a bar 'yar kunnuwa da za a huda da ramin milimita 1 don ratayawa, ta haka an kuɓuta daga liƙi gaba ɗaya. Sinadarin liƙin azurfa na yau da kullum yana da tutiya, tutiya kuma tana huda gilashi tana gurɓata launinsa, sannan yana iya narkewa a zafin gashi.

A manna takardar a kan farantin da gam, a bari ta bushe. A tsakiyar kowace taga a buga 'yar alama da tsinin ƙusa don kada bakin huji ya zame, sannan a huda da baki mai milimita 0.8. Zarton maƙeran ado ake amfani da shi, mai firam kamar baka, da ruwan zarto mai lamba 2/0 ko 3/0. Ƙa'idar zaɓen ruwa ita ce haƙora uku su hau kaurin ƙarfe a lokaci guda. Haƙoran su kalli waje, su kuma karkata zuwa ga mariƙi, domin a jan ƙasa zarton ke yanka. A ɗaure ƙasan ruwan, a zura shi ta ramin, a tokare firam ɗin da ƙirji a jikin tebur ya ɗan lanƙwasa, a ɗaure saman. Idan aka taɓa shi da farce ya yi ƙara siririya, ya ɗauru. Idan ya yi ƙarar sako-sako, zai karkace ya karye.

Ana yankan ne a kan katako mai tsagar V da aka ɗaure a bakin tebur. A riƙe zarton a tsaye cak, a shafa wa ruwansa kakin zuma, a bar nauyin hannu kaɗai ya yi aiki. A wurin kwana ba a tura shi gaba: ana ci gaba da kai-komo a wuri ɗaya, ɗaya hannun yana juya farantin a hankali. A fara da tagogin ciki, a bar yankan waje sai ƙarshe, don a sami wurin riƙewa. Mai koyo zai karya ruwan zarto goma ko fiye a aikin farko, don haka a saya da yawa. A shimfiɗa fata ko tire a ƙasa ya tara garin azurfa.

Sai goge da ƙananan magagarai. A nan ake samun aiki ko a rasa shi. Bangon kowace taga ya miƙe daidai daga fuska zuwa baya. Idan ya yi baki buɗe ta gefe ɗaya kamar mazurari, gilashin zai taru a gefen da ya tsuke, kuma bugu kaɗan zai fitar da shi ta gefen da ya buɗe. Ba a so bangon ya yi sulɓi kamar madubi: sawun magagari mai laushi yana ba jiƙaƙƙen gari abin kamawa. A kankare duk wata ƙaya da zarto ya bari a bakin taga, a bi fuska biyu da takardar yashi mai lamba 400 sannan 600. Idan ana son ganyen ya ɗan yi doro, yanzu ne lokacin lanƙwasa shi. Bayan gilashi ya shiga, lanƙwasa ko ta gashin kai ce tana tsaga shi.

Tsabtacewa: a zafafa guntun har ya soma ja don maiƙo da kaki da ragowar gam su ƙone, a tsoma shi a ruwan ɗumi da aka narkar da alif, a ɗauraye a ruwan bekin soda, a goge da buroshi mai zaren gilashi a ƙarƙashin ruwa. Kada a sa hantsakin baƙin ƙarfe a ruwan tsamin da aka taɓa amfani da shi, zai shafa wa azurfar jan launi. Gwajin tsabta shi ne a zuba ruwa: idan ya shimfiɗu bai ɗaya, ta fita. Idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. Daga nan yatsa ba ya sake taɓa cikin taga.

Garin gilashi da wankinsa

Ba kowane gilashi ba ne. Dakakkiyar kwalba ba ta narkewa a wannan zafi, kuma yadda take tsukewa idan tana hucewa bai dace da na azurfa ba. Inamel na maƙeran ado ake saya, wanda aka rubuta masa cewa haske na ratsa shi, daga masu yin sa irin su Thompson a Amurka, Ninomiya a Japan, ko Soyer a Faransa. Giram 25 zuwa 30 na kowane launi zai kai mutum nesa. A haɗa da marar launi wanda aka yi don azurfa musamman, irin lamba 2020 na Thompson.

A duba ko yana da dalma. Mai dalma ya fi sheƙi da zurfin launi, amma ƙurarsa guba ce, kuma wanda ya tuna yadda ƙurar dalma daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba zai yi sakaci da ita ba. Mai koyo ya ɗauki marar dalma. Ko shi ma, a sa takunkumin hanci lokacin tankaɗe, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, kada a ci abinci a wurin.

Zaɓen launi yana ruɗin mutane. Kaurin milimita 1 ya ninka abin da ake shafawa a kan faranti sau da yawa, saboda haka shuɗi mai duhu da ya yi kyau a jadawalin kamfani zai fito kusan baƙi a taga. A zaɓi launuka masu haske. Shuɗi da kore da ruwan toka suna zaman lafiya da azurfa. Ja, ruwan hoda da ruwan lemo kuwa suna faɗa da ita: inda suka taɓa bango sai su koma launin ƙasa ko rawaya mai datti, domin azurfa tana ɗan narkewa cikin gilashin ta haɗu da abin da ke ba su launi. Maganinsa a fara shafa wa bangon siririn marar launi a gasa, sannan a zuba jan a tsakiya, a kuma bar shi sai gashin ƙarshe-ƙarshe. Ba a cakuɗa garin launi biyu don a sami na uku kamar fenti. Kowace ƙwaya tana narkewa a inda take, sai abin ya fito da ɗigo-ɗigo.

Garin yakan zo da lambar rariya 80. A cikinsa akwai ƙura mai laushi ƙwarai, ita ce ke kama iska ta sa gilashi ya yi hazo. A tankaɗe shi a rariya mai lamba 200, a ɗauki abin da ya tsaya a sama. Sannan a wanke: rabin ƙaramin cokali a ƙaramin kofin gilashi, a zuba ruwa, a juya, a jira daƙiƙa 5 zuwa 10 ƙwayoyin su kwanta, a tsiyaye farin ruwan da ke sama. A maimaita sau 6 zuwa 10, har ruwan ya fito garau. Wanki biyu na ƙarshe da tataccen ruwa, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa, irin wanda ake sayarwa don ƙara wa batir, amma a tabbatar ba mai asid ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa da ke barin hazo. A wanke na yini ɗaya kawai, domin garin da ya kwana a jiƙe yana lalacewa ya riƙa fitar da fararen tabo. A lokacin hunturu a rufe kowane kofi, a rufe tagar ɗakin, domin ƙurar da ido ba ya gani tana fitowa fili idan ta gasu a cikin gilashi.

Kafin a taɓa ainihin aikin, a huda ramuka masu milimita 3 a ragowar azurfa, a cika kowanne da launi ɗaya, a gasa, a rubuta lambobin. Wannan guntu shi zai nuna launin gaskiya, ya kuma nuna wanne ke saurin narkewa.

Cika taga

Me zai riƙe jiƙaƙƙen gari a ramin da ba shi da ƙasa? Abin da ke riƙe fatar kumfar sabulu a cikin zobe. Ruwa yana kama bango ya shimfiɗu daga gefe zuwa gefe, ƙwayoyin gilashi suna rataye a cikinsa. Amma ruwa zai bushe, don haka ake ƙara ɗan gam da zai riƙe ƙwayoyin har wuta ta karɓe su, sannan ya ƙone ba tare da ya bar toka ba. Wanda aka fi sani shi ne Klyr-Fire, ana sirka kashi 1 da kashi 5 na tataccen ruwa. A tsiyaye ruwan wanki, a ɗiga wannan haɗin har ya ɗan rufe garin. Idan gam ya yi yawa, gilashi zai fito da kumfa da duhu-duhu. Idan ya yi kaɗan, garin zai zube da zarar ya bushe.

A riƙe guntun da hantsaki ta gefensa, a sarari. A ɗebo garin da ruwansa da buroshin zane mai lamba 0 ko 00, a taɓa shi a bango ɗaya, a ja shi zuwa ɗaya bangon har fatar ruwa ta rufe tagar. Idan fatar ta fashe, ruwa ya yi kaɗan ko taga ta yi faɗi. A ƙara gari kaɗan-kaɗan har ya cika kaurin farantin, a ɗan ƙwanƙwasa hantsakin da gindin buroshi don ƙwayoyin su zauna iska ta fita. Sai a taɓa gefen tagar da bakin takarda mai shan ruwa. Gefe ake taɓawa, domin idan aka taɓa tsakiya takardar za ta janye garin. A juya a duba baya, a cike inda ya lotsa. A bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ana tsallake maƙwabciya, don kada ruwan wannan ya kwarara ya kai launi cikin waccan. Ƙwayoyin da suka hau kan bango a share su da busasshen buroshi.

A ɗora shi a kan madogarin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ke taɓa gefen azurfa kaɗai a wuri uku, a ajiye a saman tanderu minti 15 zuwa 20. Busasshen gari yana komawa fari-fari kamar alli. Idan aka yi gaggawa, ruwan da ya rage zai tafasa ya watsar da garin.

Wuta

Ƙaramin tanderun lantarki mai ma'aunin zafi shi ne kayan aikin. Irinsa yakan ja kilowat 1 zuwa 1.5, abin lura ga mai dogaro da janareta. Ga tsantsar azurfa, a kai shi digiri 790 a bar shi ya zauna. A sa safar hannu ta fata da tabarau masu tare zafin haske, irin lamba 3 na masu walda. Wutar gas ta hannu tana yi a wasu ayyukan inamel, amma a nan harshen wutar yana dukan gilashin kai tsaye ta ƙasa, ya hura shi ya dusar da launinsa.

Gilashi yana bin mataki uku idan yana narkewa. Da farko ƙwayoyin suna manne da juna kamar jiƙaƙƙen sukari. Sannan fuskar ta yi gargada kamar ɓawon lemo. Daga ƙarshe ta kwanta ta yi sheƙi. Kuskuren da kusan kowane mai koyo ke yi shi ne jiran sheƙi a gashin farko. Gilashin da ya narke sosai yana zama ruwa, ruwan kuma yana janyewa zuwa bango ya bar rami a tsakiya, ko ya taru ya ɗiga. A gashin farko da na biyu da na uku, a fitar da shi tsakanin matakin sukari da na ɓawon lemo. Ga ɗan kunne wannan yakan ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, amma kowane tanderu da halinsa, kuma buɗe ƙofa yana zubar da zafi, don haka ido ne alƙali. A leƙa, a rubuta lokacin da ya yi, a bi shi a gaba.

Bayan gashin farko aikin zai yi muni, kuma haka ya kamata. Iskar da ke tsakanin ƙwayoyi ta fita, gilashin ya tsuke, wasu tagogin sun huje, wasu sun zama siririn zobe a jikin bango. Zoben nan shi ne tushe, domin ya rage faɗin tagar ya kuma ba sabon gari abin kamawa. A bari ya huce, a sake cikawa, a busar, a gasa. Sau 4 zuwa 8 ake yi kafin kowace taga ta cika. A riƙa juya fuskar da ke kallon sama a kowane gashi don kada gilashin ya yi ciki ta gefe ɗaya. Launukan da suka fi jure wuta su fara shiga. Kowane ƙarin gashi yana ƙara wa gefen gilashi rawaya-rawaya daga azurfa, shi ya sa gajeren gashi ya fi dogon gashi, kuma ba a ƙara ko ɗaya da ba a buƙata.

Idan aka fitar, a ajiye a kan bulon wuta ko saman tanderu, nesa da fanka da iskar ƙofa, minti 10. Azurfa tana tsukewa kusan ninki biyu na yadda gilashi ke tsukewa. A sannu, wannan matsewa tana ƙara riƙe gilashin. Da sauri, tana tsaga shi, wani lokaci da ƙara, wani lokaci sai washegari a gani. Ba a tsoma shi a ruwa. Idan farantin ya ɗan karkace, a danna shi da lafaffen ƙarfe a daƙiƙun farko da fitowarsa, gilashin yana da taushi tukuna. Launin ja yakan fito kamar baƙi daga wuta, sai ya huce yake dawowa.

Taga mai faɗin da ya wuce milimita 5 tana buƙatar shimfiɗa ta wucin gadi. Ana kwantar da aikin a kan fallen maika, ma'adinin nan mai ɓawo-ɓawo da ba ya ƙonewa, a kan lafaffen ƙarfe, a matse su da 'yan maƙalai don kada gari ya kutsa ƙasa. A nan gam ba dole ba ne. Gilashi ba ya haɗuwa da maika, sai dai ɓawonta yana manne a baya, a kankare shi wajen goge. Dabarar tsohuwa ce: Cellini ya yi bayanin kwanon baƙin ƙarfe da ake shafa wa yumɓu don kada inamel ya kama shi. Wasu suna shimfiɗa siririn jan ƙarfe su cinye shi da asid daga baya, amma asid ɗin naitirik yana cin azurfa ita ma, don haka wannan ba hanyar mai koyo ba ce.

Goge da gashin ƙarshe

Idan tagogi sun cika har sun ɗan tasa sama da bango, sai a daidaita. A kwantar da aikin a kan katako da aka shimfiɗa wa fata, yadda ko'ina zai sami tallafi, a goge da dutsen wasa inamel da ake kira alandam mai lamba 150 sannan 220, ko takardar lu'ulu'u, ana zuba ruwa ba yankewa. Gogen bushe yana tayar da ƙura, yana kuma haifar da zafin da ke tsaga gilashi. A yi ta zagayawa da hannu marar nauyi har bangon azurfa ya fito tas, gilashi ya yi daidai da shi a fuska biyu. Inda ya rage yana sheƙi bayan ko'ina ya dushe, wurin ya lotsa ne, yana son ƙari. A ci gaba da lamba 400 da 600.

Goge yakan buɗe kumfar da ke ɓoye. Ƙanana a bar su. Babba a faɗaɗa bakinta da ɗan bakin lu'ulu'u, a wanke, a cike da gari, a gasa. Tsagewa ma haka: a wanke sosai a mayar wuta, za ta haɗe. Idan ta dawo a wuri ɗaya, a duba kusurwar tagar ko bambancin kauri, domin gilashin da ya yi kauri a gefe ɗaya ya yi siriri a ɗayan ba ya hucewa tare. Baƙaƙen ɗigo kuwa yawanci ɓawon madogari ne ya fallatsa, don haka a riƙa goge madogarin da buroshin waya kafin kowane zama.

Kafin gashin ƙarshe a wanke aikin wanki na gaske, da buroshi mai zaren gilashi da sabulu a ƙarƙashin ruwa, a ɗauraye da tataccen ruwa. Garin dutse da ya maƙale a ƙananan ramuka, idan ya gasu, ya zama tabon toka da ba ya fita sai an sake kankarewa. A ɗaga tanderu zuwa 810, a sa aikin daƙiƙa 30 zuwa 45, a fitar da zarar fuskar ta yi sheƙi. Zafi mai yawa na ɗan lokaci yana narkar da fuska kafin cikin gilashin ya motsa. Daƙiƙa 15 na ƙari sun isa su buɗe rami a tagar da ta fi faɗi.

Wanda ba ya son wannan kasada zai iya barin wuta, ya ci gaba da goge har lamba 1200, ya ƙarasa da garin siriyam oksaid, wanda ake sa wa gilashi sheƙi da shi, a kan jiƙaƙƙen ulu. Fuskar tana fitowa a shimfiɗe sarai da sheƙi mai sanyi, sai dai duk ramin da ya rage zai zauna a buɗe yana tara datti. Bangon azurfa a goge shi da hannu da tsumma mai laushi, ko a bi shi da magogin ƙarfe mai santsi ba tare da an danna gilashi ba. Injin goge yana zafafa aikin, yana kuma iya fizge shi daga hannu. A zura zobe a ramin ratayawa, a buɗe zoben ta gefe da ƙananan awartaki biyu don kada ƙarfin ya bi ta firam, a rataya ƙugiyar kunne ta azurfa 925 mai kaurin milimita 0.8. Wajen ajiya, kowane ɗan kunne a naɗe shi daban a ƙyalle, domin idan suna gogar juna gilashi yana karce gilashi.